Kalmar da ta zo daga Almeriya

A ƙarshen watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da manoman ƙasar Maraɗi ke ta ɗaga kai suna duban gabas, hoton wata takarda ya shigo wayar wani tsohon malamin lakwal da ke zaune cikin birni. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da alli kafin ya aje aiki, kuma har gobe mutanen unguwa da «Mushe» suke kiransa. Ɗansa na fari ne ya aiko hoton daga Roketas de Mar, wani gari na bakin teku a lardin Almeriya, can kudancin ƙasar Ispaniya. Takardar kuwa sakamakon ƙarshen shekara ne na jikarsa, yarinya ƴar shekara goma sha biyu wadda ta kammala aji shida na firamare. Ɗan bai haɗa hoton da wani bayani ba, in ban da gaisuwa da cewa kowa lafiya.

Wanda ya yi rayuwarsa yana cika irin wannan takarda ba ya buƙatar jin harshen kafin ya gane fasalinta. Ga jerin darussa a hagu, ga hukunci a dama, ga kuma ɗan fili a ƙasa inda malami ke faɗin abin da lissafi bai iya faɗi ba. Mushe bai taɓa koyon Ispaniyanci ba, amma Faransanci ya yi masa jagora, domin harsunan biyu ƴan ɗaki ɗaya ne, Latin ce ta haife su. Ya gane «Matemáticas», ya gane «Lengua», ya hasashi cewa «sobresaliente» da aka maimaita sau huɗu ba zagi ba ne. Da ya sauko kan filin ƙasa, inda malamar ajin ta rubuta layi biyu, sai idonsa ya tsaya a kan kalmomi uku: «alumna muy prometedora». Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Ya san wannan kalma. Da wata riga dai ya san ta.

A shekarar 1988, a wata makarantar ƙauye ta ƙasar Tasawa, shi ne ke riƙe da ajin ƙarshe, kuma cikin ɗalibansa har da wannan ɗan nasa na fari. Kowa ya san al'adar Bahaushe game da ɗan fari: uba ba ya ambatar sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, balle ya yabe shi. Shekara guda cur yaron yana zaune a gabansa, yana riga kowa gama lissafi, amma ko sau ɗaya bai ji «madalla» daga bakin mahaifinsa ba. Ranar da aka zo cika takardun ƙarshen shekara, Mushe ya daɗe riƙe da alƙalami a kan ta yaron, sannan ya rubuta «élève prometteur», ya sa hannu. Abin da kunya ta hana Hausa faɗi, Faransanci ya faɗa. Iyakar yabon da ya taɓa shiga tsakaninsu ke nan.

Sauran labarin yaron labarin tsararsa ne, kuma malaman da suka yi aiki a wancan zamani ba su buƙatar a tuna musu. Ya shiga kwaleji daidai lokacin da makarantar ƙasa ta fara tangal-tangal. Yana can aka yi 9 ga Fabrairun 1990, ranar da aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai. Aka bi da yajin aiki, da shekarun karatu da suka tashi a banza, da albashin da ma'aikata ke bin gwamnati wata da watanni, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Da ya fito daga jami'ar Abdu Mumuni da digirinsa na ilimin ƙasa, ƙofar da uban ya shiga aikin gwamnati ta daɗe da rufewa. Abin da ya rage shi ne koyarwar kwantaragi, da ɗan abin da ba ya kai mutum ƙarshen wata. Ya gwada shekara biyu. A 2003 ya bi ta Agadas da Arlit da Tamanrasat, ya shafe watanni a arewacin Maroko, ya haye teku cikin ƙaramin jirgin ruwa a farkon 2004. Ya yi sa'a guda: a 2005 gwamnatin Zapatero ta buɗe ƙofar ba baƙi takardun zama, ga wanda ya yi rajista a gundumarsa tun kafin 8 ga Agustan 2004 kuma yake da takardar ɗaukar aiki, mutum fiye da rabin miliyan suka samu, har da shi. Tun daga nan yake aiki ƙarƙashin rumfunan leda na Almeriya, waɗanda suka rufe fili fiye da hekta 30,000 har ake ce musu «tekun leda», inda ake noma tumatir da tattasai da kankana ana kai wa kasuwannin Turai. Mai digirin ilimin ƙasa yana tsinkar tumatir cikin zafin da sai an shafe rufin da farar ƙasa kafin a iya numfashi. Da kuɗin wannan tumatir aka sake rufin gidan Maraɗi, da shi aka kai mahaifiyarsa Makka.

Don haka da Mushe ya ga kalmar ta sake ɓullowa bayan shekara talatin da biyar, a kan takardar ƴar wancan yaro, bai san ko murna zai yi ba ko fargaba. Washegari ya tafi wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwa, ya tono wani ƙaramin ƙamus na Faransanci da Ispaniyanci wanda bangonsa ya rabu, ya saya. Halin malami ke nan: abin da ya dame shi, sai ya mayar da shi darasi.

Ga abin da ya koya. Tushen kalmar aikatau ne, «prometer», wato yin alƙawari, daga Latin «promittere», wadda ta haɗa «pro», gaba, da «mittere», aikawa. Alƙawari ke nan magana ce da mutum ya aika gaba, ta riga shi isa gobe, ta zauna can tana jiransa. Ɗafin «-dor» da ke ƙarshe kuwa shi ne ke nuna mai aikata abu, kamar yadda «ma-» ke yi a manomi da maɗinki: «pescador» masunci, «trabajador» ma'aikaci. Namiji «prometedor», mace «prometedora», jam'i «prometedores». Ana faɗin ta ga ɗalibi, ga matashin ɗan ƙwallo, ga gona, ga ciniki, har ga gobe kanta, «un futuro prometedor». A Amurka ta Kudu an fi jin wata ƴar'uwarta, «promisorio». Faɗinta bai ba shi wuya ba, domin wasulan Ispaniyanci biyar ne rak, irin na Hausa, kuma «r» ɗinsu a kan harshe take kaɗawa kamar ta «tara», ba a maƙogwaro ba irin ta mutanen Paris da ya sha wahalar koya wa yara. «P» ce kawai ke zame masa zuwa «f» idan ya yi sauri.

Fassarar ce ta tsaya masa. In aka bi kalma da kalma, «prometedora» ita ce «mai alƙawari», amma duk Bahaushen da ya ji an ce yarinya mai alƙawari ce, abin da zai fahimta shi ne tana cika abin da ta faɗa. Wannan yabo ne ga abin da aka riga aka gani. Ita kuwa kalmar Turawa yabo ce ga abin da bai zo ba tukuna. Ya gwada «mai ƙwazo», ya ga ta tsaya a yau. Ya gwada «haziƙa», ya ga kaifin kai kawai ta ɗauka. «Mai rabo» da «mai nasibi» sun kai gobe, amma sun cire hannun yarinyar daga ciki, sun miƙa al'amarin ga Mai rabawa. Wanda ya fi kusa shi ne «da alama za ta zama wani abu», sai dai wannan jimla ce, ba siffa ba. Nan ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba duk shekarun da ya yi yana rubuta «prometteur»: Hausa tana da hanyoyin hango goben yaro, amma ba ta yarda ta liƙa masa goben a jiki kamar yadda ake liƙa «dogo» ko «gajere» ba. Wani zai ce tsoron baki ne, kada a yabi yaro ya lalace. Akwai wannan. Amma akwai kuma adalci a ciki, domin yarinyar da aka kira «prometedora» ba ta buɗe baki ta yi wa kowa alƙawari ba. Malamarta ce ta yi alƙawarin a madadinta, ita kuma aka bar ta da cikawa.

Da abin ya tsaya nan, da ya zama ɗan nishaɗin tsohon malami, irin wanda ake kaiwa majalisar bayan la'asar. Sai dai ƙamus ba ya jera kalmomi don jin daɗin mai dubawa. A shafin, bayan «prometedor» sai «prometer», bayan ita kuma sai «prometido, prometida», da fassararta a gefe: «fiancé, fiancée». Wadda aka yi wa baiko. Tushe ɗaya, layi biyu tsakani. Ta farko ita ce ke ba da alƙawarin, ta biyu ita ce abin da aka yi alƙawarinsa. Mushe ya rufe ƙamus, domin ya san dalilin da ya sa ɗansa ya aiko takardar ba tare da ya ce komai ba.

Shekara biyar kafin nan, a wani bikin suna a Tasawa, Hajiya, matar Mushe, ta ce wa yayanta ta ba jikansa wannan yarinya. Cikin raha aka fara maganar, amma a gaban dangi aka yi ta, aka shafa fatiha, kuma tun daga ranar gidan yayan suke aiko da turmin atamfa kowace salla da sunan «amaryarmu ta Turai». Ba wanda ya ce aure yanzu. Shirin Hajiya shi ne idan yarinyar ta gama firamare a dawo da ita Maraɗi, ta zauna hannunta, ta shiga Islamiyya, ta koyi tuwo da gaisuwa, sauran kuma lokaci ya nuna. An riga an tsai da cewa uwar za ta kawo ta cikin watan Agusta.

Kuskure ne a ɗauki Hajiya a matsayin tsohuwar da ba ta san darajar karatu ba. Ƴaƴanta mata biyu sun yi kwaleji, ɗaya ungozoma ce. Hujjarta ta fi haka nauyi. Jikarta ba ta iya gaishe ta da Hausa sai an riƙa ɗora mata kalma. Idan aka ce «ina gajiya», sai ta yi dariya ta dubi uwarta. Da Mushe ya karanta mata abin da malamar ta rubuta, ya fassara iyakar iyawarsa, sai ta ce: «Malam, irin wannan maganar ce ka rubuta wa babanta. Ina yake yanzu? Shekara ashirin sau huɗu na gan shi. Takarda ta ci mini ɗa, ba za ta ci mini jika ba. Kuma ni na yi magana a gaban Yaya, alƙawari kaya ne.» Mushe bai amsa ba. Ba shi da abin da zai ce wanda ya fi nata gaskiya, a ranar dai.

Da dare ya kira ɗan. A Almeriya rana ba ta daɗe da faɗuwa ba, ana jin ƙarar yara a titi. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya ga takarda, ya ce Allah ya yi albarka. Sai ɗan ya ce: «Baba, kun gane kalmar?» Ya ce ya gane. Aka yi shiru. Sannan ɗan ya faɗi abin da bai taɓa faɗi ba: takardar 1988 tana nan wurinsa, ya naɗe ta cikin leda ya ratsa hamada da ita, ta jiƙe a teku, tawadar ta bazu amma ana iya karantawa. Ya ce shekaru da yawa ba ya son buɗe ta, don duk lokacin da ya gani sai ya ji kamar bashi ne ya ci bai biya ba. Mushe ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Shi kyauta ya yi nufi, ita kaɗai ce kyautar da al'ada ta bar masa hanyar bayarwa, ashe kaya ya ɗora. Ya so ya ce wa ɗan bashin ba nasa ba ne, na waɗanda suka buɗe makaranta ne suka rufe ƙofar aiki, kuma wanda ya rufa wa iyayensa asiri shekara ashirin ya biya fiye da abin da aka rubuta. Kunyar ɗan fari ba ta sake shi ba. Abin da ya iya fitarwa shi ne: «Ba ka ci bashin kowa ba.» Ɗan ya ce: «To, Baba.» Daga nan ya ce shi ba zai iya musa wa Inna ba, amma a Ispaniya karatu tilas ne har shekara goma sha shida, akwai aji huɗu na sakandare a gaban yarinyar, kuma ita likita take cewa za ta zama. Duk abin da Baba ya yanke, shi ke nan.

Cikin kwanakin da yake juya maganar ne ya ci karo da kalma ta biyu, ita kuma jikar ce ta kawo ta. Ya aika mata saƙon murya, da wasan da ke tsakanin kaka da jika, ya ce amaryarsa ta zama «furometedora» ba ta ko aiko masa da goro ba. Ta mayar da dariya, ta gyara masa «p», ta faɗi kalmar da lafazin Andalusiya mai haɗiye «d». Ya tambaye ta ko da gaske likita za ta zama. Ta ce: «Ojalá, Kaka.» Ya koma ƙamus. «Ojalá» daga Larabcin Andalus ta fito, «law sha Allah», wato in Allah ya so. Musulmi sun yi kusan ƙarni takwas a wannan ƙasa, daga 711 zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492. Almeriya kanta Abdurrahman na Uku ne ya kafa ta birni a 955, kuma sai a 1489 ta fita hannunsu fitar ƙarshe. Sun tafi sun bar kalmomi da ake ƙiyasta sun kai 4,000. Magajin gari a can «alcalde» ne, ɗan'uwan «alƙali» na Hausa, dukansu daga «al-ƙadi». Mushe ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Ashe harshen da ya iya liƙa wa yaro gobe a jiki ya ajiye kuma kalmar da ke sassauta ɗaurin, har nahawunsa ya tilasta wa aikatau da ke bin «ojalá» ya ɗauki sigar abin da ake fata, ba ta abin da aka tabbatar ba. Yarinyar ba ta san tana faɗin «in Allah ya yarda» ba. Ya gaya mata, ya kuma gaya wa Hajiya, wadda ta ce to da sauƙi, amma wannan ba ya maye gurbin alwala.

Jikar ta tambaye shi yadda ake cewa «prometedora» da Hausa, don ta gaya wa malamarta. Ya ce babu kalma guda, sai dai Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Uwar ta fassara mata. Saƙon da ya dawo da Hausa ne, tsinke-tsinke, amma nata ne: «Kaka, ni Laraba ce ke nan?» Hajiya ta sa an maimaita mata saƙon sau uku.

Hukuncin da Mushe ya yanke bai gamsar da kowa gaba ɗaya ba. Ya ce yarinya ta ci gaba da karatunta inda take, a nema mata malamin Alƙur'ani a can, a daina yi mata Ispaniyanci a cikin gida, kuma kowane dogon hutu a kawo ta Maraɗi ta yi wata biyu hannun kakarta. Maganar aure kuwa a bar ta sai mai ita ta girma an tambaye ta. Hajiya ta yi kwana uku ba ta ce masa komai ba bayan gaisuwa. Zuwan Agusta ma bai yiwu ba: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe sararin samaniyar Nijar daga 6 ga Agusta har zuwa farkon Satumba, tikitin da aka saya ya tashi. A tsakiyar Satumba yarinyar ta shiga ajin farko na sakandare. Wasu cikin dangi suka ce ai ƙaddara ce ta raba gardama. Mushe bai yarda a ce haka ba, domin ya riga ya yi magana tun jirage na tashi, kuma bai so a sauke masa nauyin abin da ya faɗa.

Rana ta huɗu Hajiya ta same shi a zaure. Ta ce ta ji, ba ta kuma ce ta yarda ba. Amma tun da shi ne ya kwance abin da ta ɗaura, ba ita za ta je ta dubi idon yayanta ba. «Malam, kai ka san kalmomi. Sai ka je ka nemo wadda za ka faɗa masa.»

Ya jinkirta har aka gama girbin gero. Wata Alhamis da safe ya sa babbar riga, ya sayi ƙwaryar goro, ya kuma sa aka ɗauko turamen atamfa biyar da ke cikin adakar Hajiya ba a taɓa ɗinka su ba. A bakin ƙofa ya tsaya yana shawara ko mayar da su zai zama cin fuska, daga bisani ya ce a mayar da su ɗaki, goron ya isa. Ƙamus yana kan tabarma inda ya bar shi. Ya bi ta tasha, ya samu motar Tasawa saura mutum biyu ta cika, ya shiga ya zauna kusa da taga da goron a kan cinyarsa.